Katangar Bayan Gidan Yaya

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Malam To kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta. Ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka zauna da shi rabin yini za ka gane dalili. Ka ce ya zo aiki ranar hutu, to. Ka ce ya rushe abin da ya gina jiya don uwar 'ya'yanka ta sake shawara, to. Akwai ranar da wani ya taka masa ƙafa a cikin mota, shi ya ba mutumin haƙuri. Magini ne kuwa na gani na faɗa. Idan ya jera bulo ya shafe, sai ka ji kunyar jingina a jiki. Abu guda ne Allah bai ba shi ba, bakin cewa a'a.

Waɗanda suka san gidansu sun ce aikin Yaya ne. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Yaya kuwa ta riga ta zama budurwa, sai ta ɗaure shi a baya ta ci gaba da harkokinta. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa duka, ita ta kai shi makaranta. Da ta ga karatun yana bi ta bayan kunnensa yana wucewa, ta ja hannunsa ta kai shi wajen wani tsohon magini, ta ce, "Ga shi nan, ba ya musu." Da alfahari ta faɗa, kuma har ya yi furfura da alfaharin take faɗa.

Tsohon nan baki gare shi kamar reza, amma ya san halin ƙasa. "Katanga iri biyu ce," in ji shi, duk sanda aka kawo masa sabon hannu. "Akwai wadda ake yi don kada a leƙa mutum yana wanka, wannan ko jakina zai gina ta. Akwai kuma wadda ƙasa ke jingine a bayanta. Ita wannan sai ka bar mata wurin fitsari. In ka hana ta, ranar da mararta ta cika, a kanka za ta sauke." Leburori su yi ta dariya, amma tsohon ba wasa yake ba. Sai ya sa a zuba tsakuwa a bayan katangar tun daga gindi, a ratsa bututu ta cikin bulo nan da can, bakinsa ya leƙo waje. Ruwan da ƙasa ta sha ya bi ta tsakuwa, ya samu bututu, ya fice. In bai samu hanya ba sai ya zauna, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi ta yi nauyi, ta dinga turo katangar a hankali ba ta hutawa. Malam To ya ji wannan karatu har ya haddace, daga baya da bakinsa ya koya wa wasu.

A zamanin da yake ɗaukar kwanon siminti, tudun da ke bayan gari daji ne, itatuwa da duwatsu, ba mai hawa sai masu kiwo da masu neman itace. Yana ji yana gani gari ya cika ya batse, ya fara hawa tudun. Katafila ta zo ta tumɓuke itatuwa, ta yanka gefen tudun hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki aka raba shi fuloti-fuloti. Mai gidan sama yana iya leƙen tukunyar na ƙasa ya faɗi abin da aka dafa. Kowane gida da yankakkiyar ƙasa a bayansa tana jiran katanga, saboda haka Malam To bai rasa aiki ba. A nan ya yi suna, a nan ya yi aure, da aikin tudun nan ya ciyar da 'ya'yansa.

Ita Yaya ta ƙarar da ƙuruciyarta da ƙarfinta tana goge daɓen asibiti. Can ta baro gwiwoyinta, can kuma ta ɗauko tsabtar da ta addabi kowa; mace ce da za ta bi sawunka da tsumma kana cikin gaishe ta. Mijinta ya rasu, 'yarta tana aure a nesa. Da ta ajiye aiki, duk abin da ta tara a duniya ta zuba shi a fuloti guda a kan tudun, can ƙasa-ƙasa: ɗakuna biyu, kicin, da 'yar tsakar gida da ba ta wuce a shanya wanki ba. Bayan gidan jar ƙasa ce yankakkiya, tsayinta ya fi na ɗaki. Malam To ya ajiye duk wani aiki ya gina mata katangar nan da hannunsa. Ya zurfafa gindi, ya sa rodi, ya zuba tsakuwa, ya jera bututu sama da ƙasa. Kicin ya jingina da katangar daga gefe guda, ɗakin kwananta na biye da shi. Ranar da ya gama ya ja da baya ya dube ta, ya san bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Yaya ta sa aka shafa mata farin fenti.

Damina ta farko katangar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Kowane bututu ya dinga tsiyaya, jan ruwa yana bin farin fenti yana zane shi, yana taruwa a tsakar gida. Yaya ta goge, ya dawo, ta goge, ya dawo. Sai kuma wata safiya ta ga wutsiyar maciji tana shigewa bututun da ke daf da ƙofar kicin. Malam To ko karyawa bai yi ba ta aika aka kira shi.

"Kai, zo ka ga aikinka," ta ce, tana nuna masa da tsintsiya. "Gida ka gina mini ko makewayi? Na ƙare rayuwata ina kwasar ƙazantar mutane, yanzu na samu nawa, katanga ma sai ta yi mini fitsari a tsakar gida?"

"Yaya, ai ruwan ne ke fita. In bai fita ba..."

"In bai fita ba ya zauna inda Allah ya ajiye shi! Macijin ma ruwa ne? So kake a wayi gari a tarar da ni a kumbure? Ka toshe su."

"Ko in sa musu raga, in ja 'yar kwata a gindi..."

"Na ce ka toshe. Yau kuma musu za ka koya a kaina, da furfurarka?"

Ya dubi gwiwoyinta da suka kumbura, ya dubi tsumman da ke rataye a kafaɗarta ya rine ya yi ja. Maganar tsohon maginin tana nan a bakinsa, har dariyar leburorin yana ji. Ya haɗiye ta.

"To, Yaya."

Ya kwaɓa siminti mai ƙarfi, don shi ko ɓarna zai yi ba ya yin ta rabi da rabi. Ya ɗura wa kowane bututu, ya shafe, ya bi da fenti, har ba ka gane inda suke. Yana yi yana gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, in ta huce zai zo ya fasa. Ya ce ai ƙasar nan da dutse a ƙarƙashinta. Ya ce ai rodin da ya sa ya isa ya riƙe gada. Yaya ta zuba masa abinci har da ƙarin nama tana ta sa masa albarka.

Daminar ta ƙare lafiya, wata ta zo ta wuce lafiya, katanga fara sol. Wannan lafiyar ce ta cuce shi, don ita ta sa ya daina ko tunanin fasawa. Ana nan sai wani mai kanti ya sayi fulotin da ke saman na Yaya. Akwai sauran 'yan itatuwa a bakin gaɓar da katafila ta manta da su. Ya sa aka sare, wai suna zubar masa da ganye. Ya ɗora bene, ya malale tsakar gidansa da kankare, ya tattara ruwan rufi da na wanke-wanke a kwata guda, ya nufo da ita bakin gaɓar, daidai saman katangar Yaya. Wa aka kira ya ja kwatar? Malam To. Ya buɗe baki ya ce ko a karkata ta zuwa titi, Mai Kanti ya ce wannan zagaye ne, zai ci bulo da yawa. Ba sai na gaya maka amsar da ya samu ba.

Daga nan alamu suka fara. Ƙofar kicin ta fara cijewa, Yaya ta ce ya zo ya kankare ta, ya zo ya kankare. Tsaga ta fito a fulasta, siririya kamar gashi, ta ce ya shafe, ya shafe. Ta sake fitowa a wurin, wannan karon tsinke na shiga. Wata rana da Yaya ta shiga ɗaki salla, ya tsaya a ƙarshen katangar, ya kanne ido guda ya hango ta a tsaye kamar yadda aka koya masa. Ta yi ciki. Ba wani babba ba ne, wanda bai san aikin ba zai rantse a miƙe take. Shi ya san ba haka ya bar ta ba, ya kuma san abin da ya cika cikin.

Tun daga ranar hadari ya zama abokin gabarsa. Yana kan aiki a wani gida, gari ya haɗo, sai ya ajiye cokalin gini ya dinga hangen tudun. Ya rame, ya daina hira. Matarsa, wadda ba ta da ciwon rufe baki irin nasa, ta tsare shi har ya gaya mata.

"Yanzu kai saboda Allah, ka san haka kake zaune kana kaɗa ƙafa?" ta ce. "Ka tashi ka je ka fasa mata bututun nan. Zagi ne dai, kuma ka saba."

"Ba ki san Yaya ba."

"Na san ta sarai. Fushinta kake tsoro fiye da gawarta?"

Maganar ta soke shi. Ya sa guduma da kurfin fasa siminti a jaka ya tafi. Ya tarar da Yaya tana wanke katangar da soso, tana cewa ko jiya wata baƙuwa ta tambayi wanda ya gina ta. Ya sha shayi, ya gyara mata famfo, ya dawo da jakarsa ko zif bai buɗe ba. Haka ya yi ta yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kunya yake ji, kunya mai tsanani, irin wadda ba ta barin mutum ya haɗa ido da matarsa. Da jahilci ne da ya samu inda zai fake, amma babu abu guda a cikin lamarin nan da bai sani ba.

Sai aka shiga wani ruwa marar hayaniya, ba tsawa ba iska, yana ta zuba kwana da kwanaki har ɗakuna suka fara wari. Irin wannan ne ƙasa ke shanyewa duka. Wata safiya ya kasa zama, ya ɗauki jakar ya fita ko laima babu. Titin tudun ya koma taɓo, yana hawa yana zamewa. Tun daga nesa ya ga turken wutar lantarki da ke bakin gaɓar Mai Kanti ya sunkuyo, wayoyinsa sun yi sako-sako.

Yaya na kicin a kan 'yar kujera, bayanta jingine da katangar, tukunya na kan wuta.

"Ɗan halak," ta ce. "Ka gani ko? Ruwan duniya ya ƙare a kanmu, katangata ko ɗigo."

Idonsa na kan daɓe. A gindin katangar, inda daɓen ya rabu da bulo, jan ruwa na ɓuɓɓugowa a hankali da yashi a cikinsa. Tsagar da ya shafe ta buɗe har yatsa na shiga. Ɓarɓashin fulasta na zubowa kaɗan-kaɗan a kan murfin tukunyar.

Ya fita tsakar gida ya zaro guduma da kurfi. Fenti ya rufe komai, amma hannunsa bai manta inda bututun yake ba.

"Kai! Me kake yi? Ka haukace ne?"

Ya ci gaba da duka. Simintin da ya kwaɓa da ƙarfi ya ƙi shi, a ransa ya tsine wa gwanintarsa. Da toshiyar ta fita, ruwa ya yo tsartuwa ya buge shi a ƙirji, taɓo tsantsa, ya watsu har ƙofar gida. Ya matsa zai fasa na biyu, sai ya ji ƙara daga cikin katangar, ƙas, ƙas, kamar ana karya itace. Bulo ne ke rabuwa da bulo. Ya gane ya makara.

"Yaya, tashi mu fita."

"In fita ina a ruwan nan? Tukunyata na kan wuta. Dubi yadda ka ɓata mini gida!"

Bai tsaya jin sauran ba. Ya durƙusa ya juya mata baya, ya kamo hannayenta ya ɗora a kafaɗunsa, ya miƙe da ita. Tana da nauyi, shi ma ba yaro ba ne. Tana dukansa da ludayin da ke hannunta, tana kiransa da sunansa na gaskiya, wanda ya manta rabon da ya ji. Takalminta guda ya faɗi a tsakar gida. Ya ratsa taɓon, ya tura ƙofar gida da ƙafa, ya tsallaka titi, yana ƙwala wa maƙwabta kira su fito.

Ba su daɗe a tsaye ba. Katangar ba ta faɗi lokaci guda ba. Cikin nan nata ne ya fara turowa, ta sunkuya kamar mai ciwon baya, sannan gaɓar ta biyo ta, da kwatar Mai Kanti, da rabin kankaren tsakar gidansa, da turken wuta. Kicin ya ɓace. Ɗakin kwana ya cika da jar ƙasa har taga, rufin ya lotse. Da ƙarar ta lafa ba abin da ake ji sai ruwan sama a kan kwano. Yaya ta daina dukansa. Har lokacin tana bayansa, ya ji ludayin ya suɓuce ya faɗi a taɓo.

Ba a rasa rai ba, kowa ya yi ta hamdala. Ma'aikatan hukuma suka zo da hulunan roba suka duba, suka shafa jan fenti a gidajen layin, suka ce ba mai sake kwana ko gini a wurin, tudun bai gama motsi ba. Ƙarfin Yaya na shekara da shekaru ya tafi ke nan. Aka kwashe abin da ya kwasu a ɗakin gaba, ta koma gidan hayar ƙaninta, aka ba ta ɗakin 'ya'yansa mai taga guda.

Abin da Malam To bai shirya masa ba shi ne yabo. Labari ya zaga cewa kallon katangar kawai ya yi ya san za ta faɗi, ya goyo yayarsa ya fito. A bakin titi, a wajen masu buga bulo, sai a kama hannunsa a yi ta girgizawa. "Ka ga masu sanin aiki!" Laifi kuwa aka tattara aka jibga wa Mai Kanti, wai ruwansa ne ya cinye gidan tsohuwa, har mutane suka daina sayayya a kantinsa. Aka ce, "Ko ba haka ba, Malam?" Ya ce to. A duk waɗanda ya taɓa faɗa, babu wanda ya kai wannan ɗaci a bakinsa.

Wata la'asar Mai Kanti ya zo da sabuwar katifa a kan mota. Ya durƙusa a gaban Yaya, babban mutum yana hawaye yana neman gafara. Malam To ya raka shi waje, ya tsaya a bakin motar yana murza hularsa. Ya gaya masa bututun a toshe suke. Ya gaya masa wanda ya toshe su. Ya tuna masa wanda ya ja kwatar da hannunsa alhali ya san inda ruwan zai sauka. Mai Kanti ya dube shi, ya shiga mota ya tafi.

Da ya dawo ciki ya tarar da taga a buɗe, Yaya zaune a bakin katifar, ko ledar ba a cire ba. Ta ji komai. Tun da ta zo gidan ba ta goge ko kofi ba, ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi tayar wa matarsa hankali ke nan.

"Me ya sa za ka ɗora wa kanka?" ta ce. "Ni na ce ka toshe."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.

"Ke kin faɗa, Yaya, ni na sani. Ke fenti kike gani. Ni na san abin da ke bayansa."

"Da ka ƙi, me zan yi maka? In zage ka, in hana ka abinci, jibi in aika a kira ka." Ta murza gwiwa. "Ni ce na yi ta yawo da kai ina cewa ba ya musu, ba ya musu. Kamar wani abin kirki."

A waje an fara yayyafi, matarsa na kwashe shanya da sauri.

"Gobe ka kai ni wurin," ta ce. "Akwatina na ƙarƙashin gado. Hoton Inna na ciki, shi ke nan wanda ya rage. Kai ka gina ɗakin, ka san inda za ka haƙa. Ni zan tsaya a gefe in nuna maka."

Ya san akwatin. Ya san hoton, don ba shi da wata fuskar uwarsa sai wadda ke jikinsa. Ya kuma san sauran gaɓar da ke tsaye a saman ɗakin, da tsagar da ya hango a bayanta ranar kwashe kaya, da ruwan da bai ɗauke ba. Kalmar da ya saba ta zo har leɓensa, ga ta nan a shirye, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaya na kallonsa da idon nan da ya sani tun yana goye.

"A'a, Yaya," ya ce. "Ba za ki je ba, ni ma ba zan haƙa ba. Ƙasar ba ta gama saukowa ba."

Ta dube shi. Sannan ta miƙa hannu ta kakkaɓe masa busasshen simintin da ke kafaɗar rigarsa, ta juya ta fara cire ledar katifar.

"To," ta ce.